Dubai Millennium, ɗansa Dubawi, da ingarmun da muke bari su mutu a turke

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili ko da zai ɗan yi tsawo, domin maganar doki ce, ita kuwa ba a yin ta a tsaitsaye.

Ni tsohon malamin dabbobi ne. Shekara 35 na yi ina yawon ƙauyuka da allura da magani kafin in ajiye aiki. Amma kafin makaranta barga ce ta raine ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ke kula da dawakin wani hakimi a ƙasar Katsina, kuma tun kaina bai kai likkafa ba nake kwashe kashin doki, ina jiƙa dusa, ina daka kanwa. Na faɗi haka ne don ka san wanda ke magana da kai.

Abin da ya tayar da wasiƙar nan shi ne labarin da kuka buga a shafin wasanni kan babban tseren dawaki na Dubai. Kun faɗi kuɗin da ake rabawa, dala miliyan 12, kun sa hoton fili da fitilu, amma dokin da ya ci layi biyu kacal ya samu. Ba ku faɗi ubansa ba, ba ku faɗi uwarsa ba. A wurin mai doki kuwa nan labarin yake. Shi ya sa nake so in ba masu karatu labarin wani doki da ya ci wannan tsere shekarun baya, wanda har yau in na tuna shi sai in tuna wani akawal na bargarmu.

Sunansa Dubai Millennium. An haife shi ranar 20 ga Maris, 1996, a gidan kiwon dawaki na Dalham Hall da ke Newmarket a Ingila, garin da kusan kowa a cikinsa da doki yake ci. Bikili ne, babba, mai faɗin ƙirji. Ubansa Seeking the Gold ɗan Amurka ne, ɗan Mr. Prospector. Uwarsa Colorado Dancer ita ma ta yi tsere ta ci a Faransa, ubanta Shareef Dancer, kakanta Northern Dancer na Kanada, uwarta kuma Fall Aspen, goɗiyar da ta haifi zakaru bi da bi. Ka lura, Malam Edita, ina zaune a ɗakina a Katsina, ban taɓa taka Ingila ba, amma ga shi na jero maka kakannin dokin nan ta wajen uwa da ta wajen uba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Da farko Yaazer aka raɗa masa. Yana ɗan shekara biyu mai shi, Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, wanda a lokacin shi ne yarima mai jiran gadon Dubai, yau kuma shi ne sarkinta, ya ga yadda yake tafiya a wurin kilisa, sai ya sa aka sauya masa suna. Ya ba shi sunan garinsa haɗe da sunan sabon zangon shekara dubu da ake jira, da niyyar cewa wannan dukushi ne zai ci babban kofin Dubai na shekarar 2000. Wanda ya san dawaki ya san girman wannan kasada. Dukushi ɗan shekara biyu alkawari ne kawai. Na ga da yawa da suka yi kyau suna ƙanana, suka girma suka zama na ɗaukar kaya.

Tserensa na farko a Yarmouth ne, watan Oktoba na 1998, a hannun mai horarwa David Loder, Frankie Dettori ɗan Italiya yana kansa. Ya ba na biyu tazarar tsawon doki biyar. Daga nan aka mayar da shi bargar Godolphin ta Sheikh Mohammed, mai shuɗiyar riga, hannun Saeed bin Suroor, mutumin da ɗan sanda ne kafin ya koma horar da dawaki. A watan Mayu na 1999 ya ci a Doncaster, ya sake ci a Goodwood, sai aka shigar da shi Derby na Epsom, tseren da Turawan Ingila suka fi girmamawa a kan kowanne, kuma shi aka fi sa wa rai. Ya zo na tara. Wani doki mai suna Oath ya ci.

Wannan faɗuwa ita ta fi burge ni a duk tarihinsa, saboda abin da masu shi suka yi da ita. Derby kusan mita 2,400 ne, ga hawa ga gangara ga kwana. Tseren doki mai haƙuri ne, wanda zai yarda a riƙe shi a baya sai ƙarshe a sake shi. Shi kuwa wannan ba ya son riƙo. Tun daga tashi yake cin linzami, yana kokawa da mahayinsa, ya ƙone ƙarfinsa kafin a zo inda ake buƙatarsa. Mahaifina yakan ce doki ba ya ɓoye halinsa, mai shi ne ba ya saurare. Su sun saurara. Ba su sake kai shi wannan nisa ba, suka tsayar da shi tsakanin mita 1,600 da 2,000, suka bar shi ya riƙa tafiyarsa a gaba yadda ransa ke so. Daga ranar ba a sake ganin bayansa ba sai dai shi ya nuna wa wasu nasa. Ya ci a Maisons-Laffitte a Faransa a watan Yuli. A watan Agusta ya ci Prix Jacques le Marois a Deauville. A watan Satumba a Ascot, fili ya sha ruwa ya yi taɓo, ya ci tseren da ke ɗauke da sunan Sarauniya Elizabeth ta Biyu da tazarar tsawon doki shida.

Tseren Dubai ɗin kansa a kaset na gan shi. Ƙanena ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, a shekarun nan yana zuwa Dubai sarin kaya, ya san halina, sai ya ɗauko mini. Muka tayar da janareta bayan sallar isha'i, muka zauna a zaure da wasu tsofaffin abokan aikin mahaifina biyu da suka rage. Daren 25 ga Maris, 2000 aka yi shi a filin Nad Al Sheba, mita 2,000, a kan ƙasa ba ciyawa ba. Dawakin Amurka a kan ƙasa suka tashi, nan ne gidansu, shi kuwa ɗan ciyawar Turai ne. Tun ba a yi nisa ba ya wuce gaba da wani irin gudu wanda duk mai hankali zai ce ba zai kai ba. Da aka karya kwanar ƙarshe Behrens na Amurka ya taso masa, mu duka muka ce to, ga inda za a kama shi. Sai Dettori ya ɗan motsa hannu, doki ya ƙara miƙewa kamar yanzu aka sake shi. Tsawon doki shida ya ba Behrens, ya gama a minti ɗaya da daƙiƙa 59 da rabi, lokacin da ba a taɓa yi ba a filin. Kuɗin tseren a shekarar dala miliyan 6 ne. Sau huɗu muka mayar da kaset ɗin baya. Ɗaya daga cikin dattawan bai ce komai ba sai a na huɗun, ya ce ni ba gudun nake kallo ba, wuyansa nake kallo, wannan bai san ya yi aiki ba.

Bari in sa baki a wani abu kafin in wuce, don na san akwai mai karatun da zai ce tsere ai caca ne. A Ingila da Faransa da Amurka gaskiya ne caca ta dabaibaye shi, kuma ba na kare wannan. Amma a filin Dubai ba a yin caca, doka ta hana. Tseren kansa kuwa ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa an yi tsere tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka rage musu nisa, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Har raba dawaki aji-aji gwargwadon shirinsu yana da asali a wurinmu.

A watan Yuni na shekarar aka kai shi Ascot, tseren Prince of Wales's Stakes. Dettori bai hau ba, domin ranar 1 ga watan ƙaramin jirgin sama ya faɗi da shi a Newmarket, matuƙin ya rasu, shi ya tsira da karaya. Aka ɗauko Jerry Bailey daga Amurka. A cikin abokan karawar akwai Sendawar na Aga Khan, zakara ne shi ma a Faransa, ya ce zai bi shi ƙafa da ƙafa, kafin ƙarshe ya sare ya zo na huɗu. Tsawon doki takwas Dubai Millennium ya ba wanda ya zo na biyu. Sai magana ta koma a kansa da Montjeu, gwarzon Faransa da ya ci Arc, babban tseren ƙasar, a 1999, har ana shirin a haɗa su su biyu rak a ga wanda zai fi. Ana cikin wannan magana, da safiyar 5 ga Agusta, yana kilisa a Newmarket, ƙashin ƙafarsa ta baya ya tsage.

Wanda bai yi jinyar doki ba zai ce karaya ce, a ɗaure mana. Doki ba akuya ba ne. Nauyinsa ya kai rabin tan, a tsaye yake yini, a tsaye yake yawancin barcinsa, ba ya jure doguwar kwanciya, in kuma ya jingina nauyin a ƙafar da ke lafiya kofatonta ya kumbura ta ciki, ita ma ta lalace. A shekarun aikina duk dokin da na tarar da ƙashin ƙafa a karye, ban taɓa ganin ya tashi ba. Shi an yi masa tiyata, an ɗaure ƙashin da ƙusoshi, ya warke. Amma gudu ya ƙare. Tsere goma ya yi, ya ci tara. Masu auna dawaki na Timeform suka ba shi maki 140, matakin da dawaki 'yan ƙalilan suka taɓa kaiwa.

To a nan hanyarmu da tasu ta rabu. A wurinsu ranar da ingarma ya daina tsere ita ce ranar da babban aikinsa ya fara. Aka mayar da shi Dalham Hall inda aka haife shi, aka sa kuɗin bayensa fam 100,000 a kan kowace goɗiya. Suna da ƙa'ida mai tsauri: sai ingarma ya hau goɗiya da kansa za a rubuta ɗan a littafin asali, ba a karɓar na allura kamar yadda ake yi wa shanu. Ana buɗe baye a tsakiyar Fabrairu, saboda cikin goɗiya wata goma sha ɗaya ne, kuma duk dokin tsere a ƙasashensu ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara, don haka kowa na so nasa ya faɗo a farkon shekara. Aka kawo masa zaɓaɓɓun goɗiyoyi daga ƙasashe, ya fara aiki a Fabrairun 2001.

Wata biyu da 'yan kwanaki ya yi. A ƙarshen Afrilu ciwon da suke kira ciwon ciyawa ya kama shi. Ciwo ne da aka fara ganewa a Scotland a farkon ƙarnin da ya wuce, yana kama dawakin da ke kiwo a fili, ya fi yawa a bazararsu, yana lalata jijiyoyin da ke motsa hanji. Abinci ya tsaya cik, ciki ya cika, doki ya kasa haɗiya, gumi ya yi ta karyo masa, jiki na rawa. Sau uku aka buɗe cikinsa a cikin mako ɗaya. Ranar 29 ga Afrilu, 2001, likitoci suka ga babu sauran dabara, suka hutar da shi. Shekararsa biyar.

A shekarar da ta biyo baya goɗiyoyin da ya hau suka haihu, 'ya'ya 56. Iyakar abin da ya bari ke nan a duniya. Sheikh Mohammed ya bi waɗanda ke hannun wasu ya saye da yawa daga cikinsu, a gida da kuma wurin gwanjo. Yawancinsu ba su zama komai ba, kuma haka kiwo yake, ba kowane ɗan zakara ne zakara ba. Amma akwai wani ɗan gajere, dunƙulalle, da aka haifa ranar 7 ga Fabrairu, 2002. Uwarsa Zomaradah, goɗiyar da ta ci Oaks na Italiya a 1998. Aka sa masa suna Dubawi. Bai gaji tsawon ubansa ba, amma ya gaji zuciyar. Shi ne ɗan Dubai Millennium na farko da ya ci tsere, a Goodwood a 2004, kuma a shekarar ya ci National Stakes a Curragh ta ƙasar Ireland. A 2005 ya zo na biyar a tseren 2000 Guineas na Ingila, wanda ake yi a Newmarket, ya je ya ci na Ireland, ya zo na uku a Derby ɗin da ya kayar da ubansa, sannan ya je Deauville ya ci Jacques le Marois, shekara shida bayan uban. Tsere takwas, ya ci biyar. Doki ne nagari, amma ba wanda ya ce ya kai uban.

Da ya koma baye a 2006 fam 25,000 aka sa masa. Zuwa 2009, kafin 'ya'yansa su fara nuna kansu, kuɗin ya sauko fam 15,000. Masu goɗiyoyi suna ganin ƙarami ne, suna ja da baya. Sai 'ya'yan fari suka fito. A cikinsu akwai Makfi, wanda aka sayar da shi gini 26,000, wato fam 27,300, tun bai taɓa shiga tsere ba, don ba a ga alamar komai a tare da shi ba. A 2010 ya dawo Newmarket daga Faransa ya ci 2000 Guineas, a watan Agusta kuma ya ci Jacques le Marois. Kaka a 1999, uba a 2005, jika a 2010, fili ɗaya, tsere ɗaya. Monterosso ya ci kofin Dubai a 2012, Prince Bishop ya ci shi a 2015, dukansu 'ya'yan Dubawi. Cikin 'ya'yan nasa kuma Night of Thunder ya ci Guineas a 2014, Coroebus a 2022, Notable Speech a 2024. Wani ɗan nasa, Ghaiyyath, shi aka ba matsayin dokin da ya fi kowanne a duniya a 2020. A 2021 'ya'yan Dubawi uku suka ci manyan tsere a taron Breeders' Cup na Amurka a cikin kwana biyu. A 2022, yana da shekara 20, ya zama uban da 'ya'yansa suka fi cin kuɗi a Birtaniya da Ireland, a 2023 kuɗin bayensa ya kai fam 350,000. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na watan Yunin 2025, da Ombudsman, ɗan Night of Thunder, ya ci Prince of Wales's Stakes a Ascot sanye da shuɗin Godolphin. Tattaɓa-kunnen Dubai Millennium ke nan, a tseren da kakan ya yi gudunsa na ƙarshe shekara 25 kafin nan. Duk wannan zuri'a daga wata biyu na baye ta fito, ta kan ɗa guda.

Yanzu ka saurari na bargarmu. Ina yaro hakimi ya sayi wani akawal daga hannun fataken da ke saukowa daga Asbin. Ban taɓa ganin doki irinsa ba, kuma na ga dawaki. Baƙi wuluk, ƙafafu busassu kamar an sassaƙa, kofato mai tauri da bai san ciwo ba. In aka yi sukuwa ranar hawa shi ke fara isa, ya ci birki a gaban hakimi ba tare da an ja linzami da ƙarfi ba, washegari a yi tafiyar yini da shi zuwa ƙauye ya dawo yana haniniya. Talakawa daga ƙauyuka sukan jawo goɗiyoyinsu su zo ƙofar gida suna roƙon a ba su baye. Ban taɓa ganin an ba kowa ba. Abin da ake faɗa shi ne dokin hawa in ya san goɗiya ƙarfinsa zai ragu, zai yi taurin kai, zai kunyata mai shi a taro. Shekara goma sha biyu ya yi a turke ɗaya. Har da ya tsufa aka daina hawansa ba a sake shi ba, ana dai ba shi dawa da harawa don girmamawa. Wata farkon damina ya ci sabuwar ciyawa, ciwon ciki ya kama shi da magariba, ya yi ta birgima, muka yi ta zagayawa da shi a tsakar gida, kafin asuba ya mutu. Ranar ce kaɗai na ga hawaye a idon mahaifina. Akawal bai bar ko ɗa ɗaya ba. Ubansa ma ba mu sani ba, domin da aka tambayi dillali cewa ya yi daga arewa yake.

A zancen da ake yi akwai ƙanshin gaskiya, ban musa ba. Ingarman da ya saba baye yakan yi wuyar sarrafawa in ya ji warin goɗiya a taro. Amma wannan matsalar horo ce da tsari, kuma a ce ma mun yarda da ita ɗari bisa ɗari, me ya hana a ba da shi bayan ya sauka daga hawa? Ingarma yana haihuwa har ya haura shekara ashirin, Dubawi shaida ne. Abin da na gani a yawon aikina shi ne mun raba dawakinmu gida biyu. Ingarmu nagari suna birni a ɗaure, ana yi musu ado, ba sa haihuwa. Goɗiyoyi suna ƙauye hannun wanda ba shi da ƙarfi, suna cin abin da suka samu, duk ƙurun da ya tsinke igiya shi ke hawansu. Shekara ta zagayo sai mu ce dawakin ƙasa sun lalace, sun ƙanƙance, masu hali su tafi Chadi da Sudan, 'yan folo su aika Ajantina. Da hannunmu muka yi wannan.

Wani zai ce ai addini ya hana karɓar kuɗin baye. Hadisin hanin ya inganta, daga Ibn Umar. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa abin da aka hana shi ne a yi ciniki a kan sai goɗiya ta ɗauki ciki, domin wannan ba a hannun kowa yake ba, amma hayar ingarma na wani lokaci sananne ko adadin hawa sananne sun halatta ta. Ni ba ma kuɗi nake kira a karɓa ba. A hadisin Jabir, cikin haƙƙoƙin da ke kan mai dabbobi an ambaci ba da aron namiji don baye. Sarakunanmu da hakimai da attajiran da ke da manyan ingarmu ba su rasa abin da talaka zai biya su ba. Su bayar don Allah, su samu lada, shekara huɗu su dawo su sayi ɗan dokin nasu a hannun talakan da daraja, kowa ya amfana.

Na ce zan dawo kan asali. Dalilin da ya sa na iya jero kakannin Dubai Millennium shi ne wani littafi da James Weatherby ya fara fitarwa a Ingila a 1791, ana ci gaba da shi har yau, duk dukushin da aka haifa sai an rubuta shi da ubansa da uwarsa. In ka bi salsalar maza a littafin, duk dokin tsere na wannan iri a duniya yana komawa ga ɗaya daga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen Musulmi: Byerley Turk, da Darley Arabian da aka saya a Halab ta Siriya a 1704, da Godolphin Arabian da ya bi ta Tunis zuwa Faransa kafin ya isa Ingila. Wannan na ukun har yau masu tarihi na jayayya ko Balarabe ne ko ɗan Barbar ne na Arewacin Afirka, irin da jininsa ya ƙetaro Sahara ya shiga dawakinmu. Dubai Millennium ta kan Darley Arabian ya fito, bargar da ya yi wa tsere kuma sunan na ukun ta ɗauka. Ba wani sihiri suka yi ba. Jinin daga wajenmu ya tafi, su suka zauna suka rubuta wa ya haifi wa, suka gwada 'ya'yan a fili, suka mayar da nagari ga nagari har shekara ɗari uku. Mu da ke haddace salsalar sarakuna da ta malamai, mu da Bafulatanin daji zai nuna maka saniya ya faɗi uwarta da kakarta, mun kasa yi wa doki haka.

Kada a fahimce ni a baibai, ba cewa nake a kwaso dawakin Turai ba. Jininsu ya matse a kan 'yan kakanni kaɗan, ƙafafunsu sirara ne, ana sa su gudu tun suna shekara biyu ƙashi bai gama ƙwari ba, kuma karayar da ta tsayar da Dubai Millennium ba baƙuwa ba ce a wurinsu. In ka kawo irinsa nan, zafin Afrilu da kaska da annobar dawaki da ke zuwa da damina ba za su bar shi ya shekara cikin daɗi ba. Namu mai jure ƙishi, mai tafiyar yini a kan dawa mudu ɗaya, shi nake so a tsare kafin ya ɓace.

Tun da na ajiye aiki na sayi littafi mai bangon kwali. Duk goɗiyar da na san an kai ta baye a ƙauyukan da na yi aiki, ina rubuta ranar, da launinta, da tambarin da ke jikinta, da ƙauyen, da ingarman da ya hau ta, in ta haihu in koma in rubuta abin da ta haifa. Aikin mutum ɗaya ne a kan babur, bai taka kara ya karya ba. Wannan aiki na masarautu ne, domin kowace tana da Shamaki ko mai riƙe da barga, da ƙungiyoyin masu sukuwa da na folo, da makarantun likitan dabbobi da muke da su a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ku kuma 'yan jarida roƙona gare ku ƙarami ne. In kun je hawan sallah ko filin sukuwa kun ɗauki hoton dokin da ya burge jama'a, ku tambayi mai shi wane ne uban dokin, wace ce uwarsa, 'ya'ya nawa ya bari, ku buga amsar ko da cewa ya yi bai sani ba.

Bara na shawo kan wani Alhaji da ke da kili mai kyau wanda ya daina hawa. Sau uku na je gidansa kafin ya yarda. Muka kai masa goɗiyoyi uku daga ƙauye, biyu suka ɗauka. Ta farkon nononta ya fara cika, a lissafina ba za ta wuce watan gobe ba in Allah ya yarda, kuma na riga na gaya wa mai ita ya kira ni ko tsakar dare ne.

Na gode da haƙurinka. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Tsohon malamin dabbobi, daga Katsina